Adda Mai Gane Ɓarawo: Tarihin Fashi da Tsaro a Garin Aba

Da wuya a sami Bahaushen da ya taɓa cinikin takalmi a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, wanda ba a taɓa ce masa "wannan ɗan Aba ne" ba. Sunan garin ya daɗe da zama lambar kayan da aka ƙera a gida aka liƙa musu sunan Italiya, har mai saye kan ambace shi don ya karya farashi. Daga cikin rumfunan da ake ɗinka waɗannan takalma ne, a ƙarshen shekarar 1998, wata ƙungiyar 'yan sintiri ta ɓulla, wadda cikin shekara huɗu kacal ta fatattaki 'yan fashi daga gari, ta sha yabon talakawa da gwamnoni, aka yi fim a kanta, sa'annan Gwamnatin Tarayya ta aika 'yan sandan kwantar da tarzoma suka fasa sansanoninta. Ita ce ake kira 'Yan Bakassi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda gadin Aba ya yi ta sauya hannu, tun daga zuwan Turawa har zuwa shekarar 2010 da soja suka karɓi garin. Ra'ayina shi ne 'Yan Bakassi sun rage fashi da gaske, kuma wanda duk ya musa haka bai yi wa mutanen Aba adalci ba. Sai dai wanda yake son ya fahimci yadda masu gadi suka zama abin gudu, to ya kamata ya ɗauke ido daga kan addar da ke hannunsu na ɗan lokaci, ya dubi aljihun da ake biyan su daga ciki.

Gari da masu gadinsa na farko

Aba tana cikin Jihar Abiya, kimanin kilomita 60 daga Fatakwal, a ƙasar Ngwa, waɗanda wani babban reshe ne na ƙabilar Ibo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumominta biyu mutum rabin miliyan da 'yan kai. Duk da cewa ita ce uwar ciniki a wannan yanki, ba ta taɓa zama babban birnin jiha ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Imo a 1976 Oweri aka ba, da aka fitar da Abiya a 1991 kuma aka kai hedkwata Umahiya. Wato gari ne da kuɗi ke kwana a cikinsa, hukuma kuwa tana kwana a wani wuri.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Ngwa ba ta da sarki guda mai fada da dogarai irin wanda muka saba da shi. Kowane ƙauye yana da majalisar dattawansa, da ƙungiyoyin tsara waɗanda samarinsu ke sharar hanya da gadin dare, da kuma ƙungiyar asiri ta maza da ake kira Okonko, wadda ke tilasta biyan bashi da zartar da hukuncin dattawa. Shari'ar da ta gagara a gida sai a kai ta Arochukwu, wurin tsafin nan da ake kira Ibini Ukpabi. Wanda tsafin ya kama da laifi yakan shiga kogo ya ɓace, 'yan'uwansa da ke jira a waje su ga ruwan rafi ya yi ja, su tabbata an cinye shi. A gaskiya kuwa ta bayan kogo ake fitar da da yawansu a sayar da su bayi a bakin teku. Mai karatu ya riƙe wannan jan ruwa a zuciyarsa, domin za mu sake gamuwa da shi.

Sojan Ingila suka rusa wurin tsafin a yaƙin da suka kai wa Aro tsakanin 1901 da 1902, suka kafa sansani a Aba. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa ma'adinan kwal na Inugu wajen 1916, sai sansanin ya zama gari, baƙi suka cika shi. A nan ne tarihin tsaron Gabas ya rabu da na Arewa. A Arewa Bature ya tarar da dogarai, ya gyara su, daga baya aka sami 'yan doka a ƙarƙashin En'e, kuma ko me za a faɗa game da bulalarsu, sun san unguwa, unguwa ta san su. A Gabas bai tarar da kowa ba, sai ya zaɓo wasu mutane ya ba su takardar izini ya ce su ne sarakuna, ya haɗa su da masinjojin kotu masu cin hanci. Matan yankin suka nuna abin da suke gani game da wannan tsari a ƙarshen 1929, sa'ad da jita-jitar za a ɗora musu haraji ta sa suka yi bore. A Aba sun auka wa kotun gargajiya da kantunan Turawa, suka fasa gidan yari suka saki fursunoni. Mata fiye da 50 aka harbe a sassan yankin kafin ƙura ta lafa.

Jihar Gabas ba ta riƙe 'yan sandan gargajiya ba kamar yadda Arewa da Yamma suka yi. Bayan juyin mulkin 1966 kuma, kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a narkar da na Arewa da na Yamma ɗin ma cikin rundunar tarayya, aka kuwa yi hakan. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta ƙasa. Saboda haka ɗan sandan da mutumin Aba ya sani tun kakanninsa baƙo ne, daga nesa aka turo shi, daga nesa ake ba shi umurni.

Dukawa da 'yan Mafiya

Aba ta faɗa hannun sojan tarayya a watan Satumba na 1968, kuma da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya bar makamai da matasa marasa aiki a ko'ina. A wannan shekara gwamnatin Gowon ta kafa dokar soja mai lamba 47, wadda ta yanke hukuncin kisa ga fashi da makami. Aka shiga harbe 'yan fashi a bainar jama'a, mutane suna zuwa kallo da 'ya'yansu kamar ranar hawan salla. Fashi bai ragu ba. Shari'ar Lawrence Anini na Binin, wanda aka harbe a 1987, ta ma ƙara wa mutane wani ilimi mai ɗaci, domin a cikinta ne ta bayyana cewa wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba ƙungiyar makamai da labari. A watan Satumba na 1996 kuma mutanen Oweri, maƙwabtan Aba, suka ƙona otal ɗin Otokoto da gidajen wasu sababbin attajirai bayan an kama wani da kan yaro mai tallar gyaɗa. Duk wannan yana cikin kunnen mutanen Aba.

A cikin wannan hali ne kasuwar Ariyariya ta bunƙasa. An kafa ta a 1976 bayan gobara ta cinye tsohuwar kasuwar Ekeoha. Da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, takalmin waje ya fi ƙarfin talaka, sai kasuwar dukawan Aba ta buɗe. Dubban ƙananan rumfuna, kowace da maigida da yaransa 'yan koyo, suka duƙufa ɗinki, wasu da fatar da aka jeme a Kano, wasu da roba da ledar waje. Fatake suka riƙa zuwa daga Kamaru da Togo da Jamhuriyar Benin da Gana, da kuma Arewa. A wancan zamani babu tura kuɗi ta waya. Falke yakan taho da dukan jarinsa a jaka ko a ɗaure a ƙugu, ya sauka daga motar dare da asuba a garin da bai san kowa ba. Ga ɗan fashi kuwa, wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe.

Ƙungiyar 'yan ta'addar da ta addabi kasuwar ana kiran ta Mafiya. 'Yan cikinta ba ɓoye suke ba, an san gidajensu da mashayarsu. Suna karɓar kuɗin kariya a rumfuna, suna tare fatake a tasha, har ana ba da labarin sukan aika wa unguwa takarda su faɗi ranar da za su zo. Wanda aka kama aka kai ofishin 'yan sanda, bayan kwana biyu sai a gan shi a gari, ya san kuma wanda ya kai ƙararsa. Wannan ne ya sa alƙalumman laifi na 'yan sanda na wannan zamani ba su da amfani ƙwarai wajen auna halin da gari ke ciki, domin mutumin da ya san kai ƙara na iya jawo masa mutuwa ba zai kai ba, abin da ba a kai ba kuwa ba ya shiga littafi. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne ƙafar baƙi. Fatake suka fara ɗauke ƙafa, kaya suka yi kwantai, baduku ya ga abincin 'ya'yansa yana tafiya.

A watan Nuwamba na 1998, kamar yadda aka ruwaito, 'yan fashi suka kashe wata mace mai ciki a kusa da kasuwar. Dukawa suka ajiye basilla da guduma, suka ɗauki adduna. Aka yi kwanaki ana gumurzu, suna bin 'yan Mafiya gida gida, suna kashe wanda suka kama, sauran suka tsere daga gari. Da yawan waɗanda suka ja gaba daga wani sashen kasuwar suke wanda ake yi wa laƙabi da Bakassi, sunan tsibirin nan da Nijeriya da Kamaru ke jayayya a kansa a lokacin. Daga nan sunan ya bi su.

Adda da tauri

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin shi ne ake yawan mantawa. Ƙungiyoyin dukawa, waɗanda dama suna da shugabanni da littafin mambobi da asusu, su suka mayar da wannan bore tsayayyar ƙungiya. Suka zaɓo samari, suka aza wa kowace rumfa kuɗin gadi, daga ciki ake ciyar da 'yan sintiri. Mai biya yana zaune a rumfa ta gaba, ya san yaron da ake biya, ya san maigidan da ya koya masa ɗinki. In yaro ya karɓi hanci ko ya taɓa kayan wani, akwai inda za a kai ƙara kafin rana ta faɗi. Wata mai bincike, Kate Meagher, wadda ta yi aiki a cikin dukawan Aba, ta nuna a wata maƙala da ta buga a 2007 cewa wannan igiya da ke hannun 'yan kasuwa ita ce ta ba ƙungiyar tarbiyyar da aka san ta da ita da farko.

Kada dai mai karatu ya ɗauka ina cewa wannan zamani na farko mai tsabta ne. Tun ranar farko da jini aka fara. Wanda aka kama akan tsare shi a yi masa tambayoyi da duka, in an yanke cewa ɗan fashi ne sai a zagaya gari da shi tsirara, a kai shi mararraba, a sassare shi da adda a gaban taro, a ɗora masa taya a zuba fetur. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara. Jama'a kuma suna tafi.

Me ya sa suke tafi? Na farko dai, gari ya yi lafiya. Wannan shaida ce da ta zo daga bakin masoya ƙungiyar da maƙiyanta baki ɗaya. Mutane suka koma kwana da idanu biyu a rufe, motocin dare suka dawo, fatake suka dawo, har ana cewa kana iya yar da jakarka a titi ka dawo ka same ta. Wanda bai taɓa kwana yana sauraren ana fasa ƙofar maƙwabcinsa ba yana iya raina wannan ni'ima, amma ba ta rainuwa. Na biyu kuma, mutane sun yi imani cewa 'Yan Bakassi ba sa kuskure. An ce suna da adda wadda in aka ɗora ta a ƙirjin mutum, in ya taɓa zubar da jini sai ta yi ja. Ga jan ruwan Arochukwu ya dawo bayan kusan shekara ɗari. An kuma ce harsashi ba ya huda su, suna kiran wannan asiri odeshi, wato "ba ya yoyo". Bahaushen da ya taɓa ganin ɗan tauri yana gasa wa cikinsa wuƙa a gaban makaɗin kotso ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A matsayina na mai nazarin adabi, wannan adda ce ta fi jan hankalina a dukan labarin. Dalilin da ya sa 'yan'adam suka ƙirƙiro shaidu da alƙali da ɗaukaka ƙara shi ne sun san suna kuskure. Adda mai gane ɓarawo ta zo ta ɗauke wa mai kallo wannan nauyi gaba ɗaya: tunda ƙarfe ya yi magana, babu sauran shakka, kuma babu laifi a kan wanda ya yi tafi. Masu fim ba su yi sanya ba. Lancelot Imasuen ya shirya Issakaba, wato sunan Bakassi ne aka karanta daga baya, inda Sam Dede ya fito a matsayin jarumi Ebube. Fim ɗin ya sami kasuwa har aka yi ta ƙara masa kashi, kuma a cikinsa, kamar a tatsuniya, mugu ba ya taɓa zama marar laifi. Yara a garuruwan da ba su taɓa ganin Aba ba suka riƙa wasan odeshi a tsakar gida.

Sauyin aljihu

Mulkin farar hula ya dawo a ranar 29 ga Mayu, 1999. Sababbin gwamnoni suka tarar ana ce musu shugabannin tsaro a baki, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umurni. Ga kuma wata runduna a Aba, mai makami, mai farin jini, wadda ba ta da uban gida a gwamnati. Gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, ya rungume ta, aka raɗa mata suna Rundunar Sintiri ta Jihar Abiya, aka fara ba ta kuɗi da motoci daga baitulmali. A ido wannan ci gaba ne, an ɗauke wa 'yan kasuwa nauyi. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Daga ranar da albashi ya daina fitowa daga asusun dukawa, baduku ya rasa bakin tsawatawa. Binciken Meagher ya nuna yadda 'yan siyasa suka ƙwace ragamar, waɗanda suka kafa ƙungiyar suka ja da baya, ƙofa ta buɗe ga duk mai ƙarfin damtse da ke neman abinci.

Alamar farko ta bayyana tun a watan Yuli na 1999, sa'ad da aka ɗauko wasu 'Yan Bakassi daga Aba zuwa wani gidan abinci a Umahiya, suka kashe samari biyu waɗanda babu wata kotu da ta taɓa kama su da laifi. Za mu komo kan wannan shari'a. Daga nan aikin ya faɗaɗa: karɓar bashi, korar ɗan haya, rikicin fili, rigimar miji da mata. Duk mai kuɗin da zai ba da sunan abokin gabarsa a matsayin ɗan fashi ya sami kotu mai sauri.

Abu na biyu ya shafe mu kai tsaye. Bayan rikicin Shari'a na Kaduna a watan Fabrairu na 2000, wanda Ibo da yawa suka mutu a cikinsa, gawawwaki suka isa Gabas, sai ramuwar gayya ta ɓarke a Aba a ƙarshen watan. Aka kashe ɗaruruwan 'yan Arewa, mahauta da masu gadi da 'yan tireda da masu canji, aka tare hanyoyi ana sauke fasinjoji. Masu binciken da suka rubuta tarihin ƙungiyar sun ambaci hannun 'Yan Bakassi a wannan kisa. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar da aka kafa domin baƙon falke ya shigo gari da jakarsa lafiya, cikin wata goma sha biyar ta kai inda baƙunta kanta ta zama laifi. Mai gadin da ba ya amsa tambaya a gaban kowa, ranar da gari ya fusata ba shi da abin da zai riƙe shi, kuma wanda ba shi da dangi a gari shi ne na farko a layi. Mafarauta 16 'yan Jihar Kano da aka tare aka ƙona a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, bayan 'yan sintirin garin sun ce masu satar mutane ne, wannan tsohon darasi aka sake karantawa a kansu. Mu ma kuma ba mu da bakin yi wa kowa gori, domin abin da 'yan sa-kai suka yi wa Fulani a kasuwannin Zamfara da sunan farautar ɓarayin shanu ɗan'uwan wannan ne uwa ɗaya uba ɗaya.

A shekarar 2000 ƙungiyar ta ƙetara zuwa Jihar Anambara. 'Yan kasuwar Nnewi da na Anacha suka nemi a kawo musu ita, Gwamna Chinwoke Mbadinuju ya karɓe ta, majalisar dokokin jihar ta yi mata doka. A Anacha ne sunanta ya kai ƙololuwa. A watan Nuwamba na wannan shekara suka kama Eddy Okeke na Nawgu, wani mai da'awar annabci da ake tsoro ƙwarai, suka kashe shi a gaban dubban mutane a kasuwar Ochanja. A watan Yuli na 2001 suka fille kan Derico, ƙasurgumin ɗan fashin da ya gagari 'yan sanda, a wuri guda. Amma ban da waɗannan manyan ranaku an yi wasu kame-kamen da ba a yi musu tafi ba. An sace shugaban marasa rinjaye na majalisar jihar aka azabtar da shi, an kashe wani shugaban jam'iyyar adawa a yankin Nnewi. A watan Mayu na 2002 ƙungiyar Human Rights Watch, tare da cibiyar CLEEN ta Ikko, suka fitar da rahoto mai ɗauke da shaidar kisan ɗaruruwan mutane ba tare da shari'a ba, da azabtarwa a ɗakunan tsare mutane.

A ranar 1 ga Satumba, 2002, aka tare Barnabas Igwe, shugaban ƙungiyar lauyoyi reshen Anacha, tare da matarsa wadda ita ma lauya ce, aka kashe su. Kafin nan ya ba gwamnatin jihar wa'adi ta biya ma'aikata albashin da suke bi ko gwamna ya sauka. Zargi ya faɗa kan 'yan sintirin, an kuma gurfanar da Mbadinuju bayan ya bar mulki, amma ba a same shi da laifi ba. Tun a watan Agusta 'yan sandan kwantar da tarzoma sun fasa sansanonin ƙungiyar a Aba, suka fito da mutanen da ke tsare, wasu da munanan raunuka, a watan Satumba kuma suka yi haka a Anambara. Zaɓen 2003 yana tafe, kuma ba na jin tausayin waɗanda ke tsare shi kaɗai ne ya motsa Abuja. Runduna mai makami a hannun gwamna a shekarar zaɓe ba abin da shugaban ƙasa zai so ba ne.

Bayan Bakassi

Ƙungiyar ba ta mutu a Aba ba, ta ci gaba da sunan rundunar sintirin jiha, amma kwarjinin ya tafi. A watan Agusta na 2005 mutum fiye da 20 suka mutu a wani ɗakin da 'yan sintirin suka cusa su a garin. Abin da ya fi muhimmanci kuwa shi ne, a duk shekarun da adda ke aiki ba a gyara ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka haifi Mafiya ba. Ofishin 'yan sanda yana nan yadda yake, kotu tana nan da jinkirinta, wutar lantarki da hanyoyin gari suka ƙara lalacewa, takalmin Sin mai araha ya shigo ya rage wa dukawa kasuwa, yaran da da za su koyi ɗinki suka zauna a tasha.

Da laifi ya dawo, da sabuwar fuska ya dawo. Garkuwa da mutane, wadda ta fara da Turawan kamfanonin mai a yankin Neja Dalta, ta hauro tudu ta zama sana'a, kuma dazuzzukan da ke tsakanin Aba da Fatakwal suka zama maɓoya. Shekarar 2010 ita ce mafi muni. Bankuna suka riƙa rufe ƙofa, attajirai suka kwashe iyalansu zuwa Abuja da Ikko. A watan Yuli aka sace 'yan jarida huɗu da direbansu a kusa da garin, aka riƙe su mako guda. A ranar 27 ga Satumba aka tare motar wata makarantar kuɗi aka tafi da ƙananan yara 15, ana saura kwana huɗu ƙasa ta yi bikin cika shekara 50 da samun 'yanci. A wannan karo babu wanda ya sa rai dukawa za su sake ajiye basilla. 'Yan Mafiya a cikin gari suke, an san ƙofarsu, waɗannan kuwa suna daji da manyan bindigogi. Gwamnatin Tarayya ta turo soja, a lokacin kuma hafsan hafsoshin sojan ƙasa, Janar Azubuike Ihejirika, ɗan jihar ne. Aka kuɓutar da yaran a ranar 1 ga Oktoba, a watan Disamba kuma aka kashe madugun masu garkuwar, Obioma Nwankwo, wanda aka fi sani da Osisikankwu. Gari ya sake yin lafiya, da shingayen soja a hanyoyin shigarsa.

Saura batun samarin nan biyu na Umahiya. Iyalansu ba su bar maganar ba. A 2006 babbar kotun jiha ta yanke wa 'Yan Bakassi uku hukuncin kisa, suka ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Ba su musa kisan ba. Hujjarsu ita ce jami'an gwamnatin jiha ne suka kirawo su daga Aba suka zuga su, saboda haka a sassauta musu. A watan Yuli na 2018, shekara 19 bayan kisan, Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja, ta bayyana ƙungiyar a matsayin taron marasa bin doka, ta tabbatar da hukuncin a kan su ukun.